Neman Sauya Kotu Ba Raini Ba Ne

Wasu dattawanmu suna cewa raini ne ga alƙali a nemi mayar da ɗaukaka ƙarar filin ikkilisiya zuwa wata kotu. Ba mu yarda ba! Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi a kotun da ba ta son kai. A 2019, Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta janye daga shari'ar zaɓen shugaban ƙasa bayan PDP ta koka cewa mijinta ɗan APC ne. Zato kaɗai bai isa ba. Amma in akwai hujja, lauyanmu ya rubuta wa Babban Alƙali tun kafin hukunci. Kunya ba ta dawo da fili.