Sharar wurin cin abincin makarantunmu: haramcin gwamnati ba zai share mana kwata ba



A ranar 5 ga Yuni 2025, Ranar Muhalli ta Duniya, Shugaba John Mahama ya bayyana aniyar gwamnatinsa ta hana shigo da farar robar nan ta tekawe da ake zuba abinci a ciki, da kuma hana ƙera ta a Ghana. Ba mu ne na farko ba. Jihar Legas ta haramta ta a farkon 2024, Ruwanda ta hana jakar leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mataki ne mai kyau, domin wannan roba ba ta ruɓewa, kuma masu sayen roba ba sa son ta saboda ba ta da nauyi, ga maiƙo a jikinta.

To amma duk wanda ya leƙa kwatocin Aboabo, Asawase ko Sawaba bayan ruwan sama ya san tekawe kaɗai ba ita ce ta toshe su ba. Ledar fiya wata ce, da baƙar leda, da gorar lemo. Waɗannan suna nan, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suke taruwa kullum a wuri guda, a lokaci guda, shi ne inda yaranmu suke cin abinci a makaranta.

Shirin ciyar da yara na gwamnati ya fara a 2005, kuma tun Satumbar 2017 da aka mayar da karatun babbar sakandare kyauta, ɗaliban da ke cin abinci a makaranta sun ƙaru. Makarantunmu na Arabiyya da Turanci da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, da dama suna cikin wannan. Ga kuma mata masu sayar da wake da shinkafa, koko da ƙosai a bakin ƙofa. Makaranta mai yara 500, in kowane yaro ya sha ruwan leda biyu, leda 1,000 ke nan a yini, 5,000 a mako. Ina suke zuwa? Ko wuta a bayan aji, yara suna shaƙar hayaƙin da ke cutar da ƙirji, ko kwata, daga nan su gangara rafin Aboabo.

Mun san ƙarshen wannan hanya. A 2014 kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, sama da 200 suka rasu, abin da ya sa aka ƙirƙiro ranar tsaftar ƙasa a Asabar ɗin farko ta kowane wata. A ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobara suka haɗu a Accra, sama da mutum 150 suka rasu, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Sharar wata-wata tana kwashe abin da ya riga ya faɗa kwata ne. Raba shara a makaranta shi ke hana shi faɗawa.

Kumasi tana da masana'antar sarrafa shara da yin taki a Adagya, gundumar Bosomtwe, ga kuma babban jujin Oti da ke Dompoase. Sai dai ledar da ta cuɗanya da miya da manja darajarta ta faɗi, dole a wanke ta kafin a narka ta, wani lokaci ma juji take ƙarewa. Don haka aikin yana farawa daga hannun yaron da ya gama cin abinci.

Ga tsarin da nake ganin makaranta za ta iya ɗauka ba tare da jiran kowa ba.

Na farko, a auna. Mako guda a tara sharar wurin cin abinci a buhuna, a ga nawa ne leda, nawa ne gora, nawa ne ragowar abinci. Wanda bai san yawan kayansa ba, ba ya iya ciniki.

Na biyu, a nemi mai saye kafin a sayi kwandon shara ko ɗaya. Nan ne irin wannan shiri ya fi mutuwa: yara su raba shara da kyau, sai mai aboboya ya zo ya juye duka wuri ɗaya a gabansu. Yaro ya ga haka sau biyu, ya daina. A yi magana da masu sayen leda da gora a kilo, a tsayar da ranar zuwa da farashi, a rubuta.

Na uku, mazubi uku sun isa: na ledar ruwa da gora, na ragowar abinci, na sauran tarkace. A ajiye su inda ake cin abincin, da hoto a jikin kowanne saboda ƙananan yara. A tsiyaye ledar, a adana ta inda ruwan sama ba ya taɓawa.

Na huɗu, ragowar abinci kada ta kwana. Shinkafa da wake masu kyau a ba masu kiwon kaji da tumaki a ranar, bayan an tabbatar babu leda a ciki, domin mahauta sun san irin ledar da ake cirowa daga tumbin dabba. Ɓawon doya, ayaba da ganye a zuba a rami, a riƙa rufawa da busasshen ganye ana juyawa, cikin 'yan watanni su zama takin lambun makaranta. Nama da mai ba sa shiga ramin, suna jawo ɓeraye da wari.

Na biyar, wanda ya fi duka: a rage. Kwano da kofin da yaro zai wanke, da randa ko tankin ruwa mai tsafta, sun fi kowace dabara ta sarrafa leda. Iyayenmu a ganye suke naɗe wake da shinkafa, kuma har yau akwai masu yi.

Akwai hakkoki biyu da ya wajaba a kiyaye. Kada a ɗora kuɗin wannan aiki a kan mata masu dafa abincin gwamnati. Kasafin 2025 ya ɗaga kuɗin abincin yaro daga sidi 1.50 zuwa sidi 2 a rana, kuma sun sha kokawa kan jinkirin biyansu. Wanda ke cin bashi ya dafa, ba a ce masa ya sayo mazubi. Wannan nauyin ƙungiyar iyaye da malamai ne, da kwamitin kula da makaranta, da masu hali a unguwa. Sannan kada a mayar da yara 'yan tsintar bola, ko a mai da kwasar shara horo ga mai laifi. Yaro ya jefa nasa a inda ya dace, manyan ɗalibai su riƙa dubawa bi da bi, da safar hannu da sabulu, ba a lokacin darasi ba.

Kuɗin leda ba shi da yawa, kada a yi wa kowa alkawarin arziki. Amma kaɗan ɗin amana ne. A buɗe littafi: kilo nawa, sidi nawa, wa ya karɓa. A karanta shi a taron iyaye, a sayi sabulu da tsintsiya da shi. Rigimar sidi ashirin tana iya rusa aikin shekara.

Malaman fiƙihu sun fara littattafansu da babin tsarki, kuma aya ta 31 ta Suratul A'araf ta haɗa halaccin ci da sha da hanin almubazzaranci. Yaron da ya haddace wannan da safe, ya ga malaminsa ya jefa leda a kwata da rana, darasin rana zai riƙe. Kwamitocin masallatai su ma su duba abin da ke rage wa bayan buɗa baki, suna da walima.

Shawarata ga kowane shugaban makaranta: kafin zangon karatu mai zuwa, a yi awon mako guda, a kira taron iyaye, a gayyaci ɗan majalisar unguwa da jami'in tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma, a fita da sunan mutum ɗaya da zai riƙe littafin da ranar da mai saye zai fara zuwa.

Allah ya kare unguwanninmu daga annoba da ambaliya, ya shiryar da zuriyarmu. Wassalamu alaikum.