Ra'ayinmu: Takalmin gudu, a duba ƙafa kafin tambari

A Takeita da sauran garuruwan Garagumsa, matasa kan fita gudu da asuba a gefen babbar hanyar Damagaram zuwa Maraɗi, wasu don lafiya, wasu don shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma. Da yawansu takalman gwanjo suke sawa, waɗanda suka zaɓa saboda tambarin Nike ko Adidas.

Tambari ba ya kare gwiwa. Soson ƙasan takalmin gudu yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma sau da yawa na gwanjo ya cinye wannan tafiya tun a Turai. Wanda ya hau kwalta da shi, ƙwauri da dunduniyarsa ne za su ji jiki, wataƙila ana gab da jarrabawa.

Mai saye ya gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safa, ya bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Ya danna soson: in ya taurare ko ya cinye ta gefe guda, ya haƙura da shi komai arha.

'Yan uwa mazauna waje kuma, kafin su aiko da takalmi, su nemi awon ƙafa da santimita, domin lambar Amurka daban take da ta Faransa.