Fuskokin sarakunan Jamus a tangaran: a adana su tare da cikakken labarinsu

A kasuwannin kayan tarihi da ɗakunan gwanjo na Jamus akwai wani irin kaya da ba ya rasa masu nema, wato mutum-mutumin tsofaffin sarakunan ƙasar, daga ƙirji zuwa kai, da aka ƙera da tangaran. Akwai na Friedrich na Biyu, wanda ya mulki Prussia daga 1740 zuwa 1786, akwai na Sarauniya Luise da ta rasu a 1810, akwai na Wilhelm na Ɗaya da jikansa Wilhelm na Biyu. Wasu na kallon tara waɗannan kaya a matsayin shagalin masu hannu da shuni, wasu kuma na ganin ɗaukaka azzalumai ne. A ganina aiki ne mai amfani, amma bisa sharaɗi: duk wanda ya ajiye fuskar sarki, to ya ajiye labarin abin da sarkin ya aikata, mai daɗi da marar daɗi, ya kuma san hannayen da kayan suka ratsa kafin su iso gare shi.

Dalilina shi ne, tangaran a Jamus tun asalinsa kayan mulki ne. Har farkon ƙarni na 18 Turawa ba su san sirrin haɗa shi ba, daga ƙasar Sin suke sayo shi da tsadar gaske. Sai a 1708 Johann Friedrich Böttger, wanda August mai mulkin Saxony ya tsare don ya ƙera masa zinariya, ya gano hanyar tare da masani Tschirnhaus, kuma a 1710 aka kafa masana'antar Meissen. Son da August yake wa tangaran ya kai ga a 1717 ya ba wa sarkin Prussia sojoji 600 a musayar kayan tangaran na Sin guda 151. A 1763 Friedrich na Biyu ya sayi masana'antar birnin Berlin, ya sa sandar sarauta ta zama tambarinta. Ke nan fuskar da ta fito daga irin waɗannan wurare, fuska ce da fada ta so a gani. Shi ya sa ake barin da yawa daga cikinsu farare fat ba tare da ƙyalli ba, domin su yi kama da mutum-mutumin dutse na sarakunan Rum. Bayan haɗewar Jamus a 1871, aka riƙa zuba masu araha da yawa, suka shiga falon ma'aikaci da na malamin makaranta da na tsohon soja. Wanda ya jera su bisa shekarunsu zai ga yadda aka gina biyayya a zukatan talakawa, ta hanyar kakin soja da lambobin yabo da tsayuwar kai.

Masu suka za su ce waɗannan ba fuskokin da suka cancanci a goge musu ƙura ba ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. A zamanin Wilhelm na Ɗaya aka yi taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shimfiɗa ƙa'idar rabon Afirka. A zamanin Wilhelm na Biyu sojojin Jamus suka ci arewacin Kamaru da yaƙi, har da Marwa a 1902, kuma a lokacinsa aka yi wa Herero da Nama kisan kiyashi a Namibiya ta yau daga 1904 zuwa 1908, abin da gwamnatin Jamus ta amsa sunansa a 2021. Har yanzu akwai masu tsattsauran ra'ayi a Jamus da ke ɗaga tutar daular da ta rushe a 1918. Duk da haka, farfasa kayan ko ɓoye su ba ya rage komai daga laifin, shaida kawai yake ragewa. Misali, a 1769 Friedrich ya kafa dokar da ta tilasta wa Yahudawan ƙasarsa sayen tangaran daga masana'antarsa kafin a ba su wasu izini, kamar na aure ko na sayen gida. Mutum yakan ci karo da wannan zalunci ne idan ya tsaya ya tambayi yadda masana'antar ta sami kasuwa. Bambancin mai tara kayan tarihi da mai begen mulkin danniya yana cikin irin tambayoyin da yake yi, da abin da yake gaya wa baƙon da ya nuna wa kayan.

Sharaɗi na biyu, sanin asalin kaya, ya fi wuya. Tsakanin 1933 da 1945 'yan Nazi sun ƙwace dukiyar Yahudawa masu yawa, har da tarin tangaran na Meissen na iyalan Gustav von Klemperer a birnin Dresden, wanda aka karɓe a 1938. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma an wawushe gidajen sarauta da dama a gabashin ƙasar. Yarjejeniyar Washington ta 1998 ta nemi a bincika asalin kayan da 'yan Nazi suka ƙwace, a kuma yi wa magadan masu su adalci. Ita wannan yarjejeniya ta fi shafar gidajen tarihi na gwamnati, amma mai saye don kansa ba shi da uzurin kau da kai. Binciken ma yana kare aljihunsa, domin an sha kwaikwayon tambarin takubba biyu na Meissen, kuma masana'antun kansu sun ci gaba da zuba tsofaffin siffofi shekaru aru-aru, ta yadda fuskar sarkin ƙarni na 18 za ta iya zama ƙirar ƙarni na 20. Mu da muka yi murna a 2022 lokacin da Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan tagulla na Benin fiye da 1,000, mun san darajar tambayar nan: daga ina, kuma ta wace hanya?

Akwai kuma mai karatu Musulmi da zai ce malamai sun hana ajiye mutum-mutumi a gida. Wannan magana ce ta addini da ba na jayayya da ita, kuma ba na kiran kowa ya saya. Abin da nake karewa shi ne kada shaidar tarihi ta salwanta, kuma wurin da ya fi dacewa da mafi muhimmancin waɗannan kaya shi ne gidan adana kayan tarihi, inda ɗalibi da ɗan jarida da jikan wanda aka zalunta za su iya zuwa su duba. Masu tarawa na ƙashin kansu suna da rawar takawa, don sau da yawa su suke tsince abin da hukuma ta raina kafin ya lalace. Haƙƙin da ke kansu shi ne su rubuta abin da suka sani game da kowane guda, su buɗe ƙofa ga masu bincike, su kuma mayar da duk abin da ya tabbata na ƙwace ne ga masu shi. Wanda ya cika waɗannan ya yi wa tarihi hidima. Wanda ya ƙi, ya ci gaba ne da aikin da fadar Berlin ta fara, na nuna wa mutane sarki yadda sarki ya so a gan shi.