Daga Jakar Mai Hoto: Ido Mai Faɗi a Tiken Mubi

Tun shekarar 2008 da kamfanin Panasonic ya fito da kyamara marar madubi, wadda ake sauya mata gilashin gaba, watau idonta, aikin hoto ya yi sauƙi. Tsadar idon ce kawai ta hana matasanmu sakat. To, yanzu kamfanonin Sin da Koriya ta Kudu suna ƙera masu rahusa, kuma ɗaya daga cikinsu, mai lamba 12mm f/2, shi muka gwada a Mubi ta Jihar Adamawa.

Lambar farko tana nuna faɗin ganinsa, wanda a kan ƙananan kyamarori ya kusa digiri 100. Ta biyu kuwa tana nuna yawan hasken da yake sha, kimanin ninki uku na ido mai f/3.5 da akan haɗa da kyamara wajen saye. Mun tabbatar da haka bayan magariba a teburin wani mai shayi, inda ƙwan lantarki ɗaya ya isa fuskoki suka fito sarai. A shagon tela mai ƙunci ma ya kwashe keke da yadi da mai ɗinki gaba ɗaya. Da hannu ake saita shi, amma wannan ba wuya, domin ido mai faɗi yakan fito da na kusa da na nesa tare.

Sai dai a tiken Mubi, inda ake lodin shanu zuwa Kudu, muka ga abin da ya kamata a yi hattara da shi. Ɗabi'ar kowane ido mai faɗi ce ya kumbura abin da ke kusa, ya ƙanƙantar da na nesa. Wani ɗan bijimi da muka matsa gabansa sai ga shi a hoto da kai da ƙaho kamar na babban sa. Yau fa ana cinikin dabba da hoton WhatsApp, mai saye yana Legas, dabba tana Mubi. An ce gani ya kori ji, amma in an yi ha'inci a ganin fa? Haka ɗan jarida zai iya mai da taron mutum talatin ya zama kamar ya cika fili.

Shawararmu ita ce, mai ɗauka ya ja da baya, ya ɗauki dabba ta gefe, a tsakiyar hoto, da mutum tsaye kusa da ita don a gane girmanta. Kada kuma a sauya ido a fili lokacin hunturu, gama ƙura za ta faɗa kai tsaye kan farantin da ke karɓar haske.

Lalle wannan ido ya ci kuɗinsa. Gaskiyar hoto kuwa amana ce a wuyan mai ɗauka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.