Ra'ayinmu: Kafin A Yanki Fom, A Leƙa Kasuwar Maigatari

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digiri, tambaya guda ce ke yawan iso mana: wace makaranta ta fi dacewa mutum ya je ya yi digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, wanda ake kira MBA? Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai 'yan'uwanmu ɗalibai da ke dab da kammalawa, suna hangen rashin aiki tun daga nesa. Akwai kuma ƙananan ma'aikata da suka gaji da zama a mataki ɗaya, suna ganin haruffan nan uku ne tsanin hawa sama. To, mu a ganinmu an fara tambayar ta wutsiya. Abin da ya kamata mutum ya fara sani shi ne aikin da zai yi da digirin. In ya san wannan, zaɓen makaranta ba zai yi masa wuya ba.

Don kada maganarmu ta tsaya a iska, bari mu ɗauki misali daga ƙasar Gumel, inda da yawa daga cikinmu suka fito. Wanda ya taɓa zuwa Maigatari ran Alhamis ya san abin da ake kira kasuwa. Shanu, raƙuma, tumaki da awaki na shigowa daga Dungas, Magarya, Damagaram, har da Chadi, kafin magariba kuwa an loda su a manyan motoci sun nufi Ikko da Fatakwal. Riɗi da zoɓo da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukan Gumel su ma nan ake tara su, kuma zoɓon nan kaso mai yawa nasa Meziko yake tafiya, inda ake shan sa kamar yadda muke sha. Dukiya ce mai ɗimbin yawa ke juyawa a yini guda, da naira da sefa, akasarinta kuwa bisa amana, tsakanin fatoma da baƙonsa, da dillali da mai saye.

Amma fa a tambaya, wa ke cin ribar ƙarshe? Manomi ya sayar wa ɗan awo, ɗan awo ya sayar wa mai sito, daga nan kaya sun bar hannunmu. Wanda ya yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ya san yadda ake cika fom ɗin NXP a banki, ya san yadda ake tsabtace zoɓo a yi masa feshin ƙwari har a sami takardar lafiyar tsirrai, ya san yadda ake ƙulla ciniki da wanda ke ƙetaren teku a karɓi kuɗi ba tare da an cutu ba, shi ke kwashe romon. Sau nawa wannan mutum yake zama ɗan ƙasar Gumel? Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka keɓe wa Maigatari yankin sarrafa kayan fitarwa waje, amma har yau 'ya'yanmu da suka ƙware a wannan sana'a ba su taka kara sun karya ba.

Ga kuma haɗarin da kasuwar kan iyaka ke ciki. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a sake buɗewa ba sai Disamba 2020, Maigatari na cikin ƙofofi huɗu na farko da aka buɗe. A farkon 2023 canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira, alhali cinikin dabbobi hannu da hannu ake yin sa. A tsakiyar shekarar aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, darajarta ta zube a gaban sefa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka, har zuwa Maris 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya karya jarin mutane. Auna irin wannan haɗari tun kafin ya zo, da raba jari don kada ya nutse gaba ɗaya, da tsara littafin shiga da fita wanda banki zai yarda da shi ya ba da rance, su ne ainihin abubuwan da makarantar kasuwanci ta kirki ke koyarwa. Saboda haka muke cewa ma'aunin makaranta shi ne: in ka gama, za ka iya tsayawa a Maigatari ran Alhamis ka amfani wani da abin da ka koyo?

Makarantun kuwa ba su yi mana nisa ba. A Zariya akwai Kwango, wadda ta faro a 1947 a matsayin wurin horar da akawuna, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Jami'ar na ba da MBA, har da na karatu daga nesa ta intanet, wanda ya dace da ma'aikacin da ba zai iya barin kujerarsa ba. A Kano akwai Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, wadda aka buɗe gininta a 2018, ga kuma cibiyar nazarin bankin Musulunci a jami'ar, ga wanda yake son hanyar samar da jari marar ruwa, abin da 'yan kasuwarmu da yawa ke nema. A Ikko akwai Lagos Business School, da aka kafa a 1991, mai kusanci da manyan kamfanoni, amma kuɗinta ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne. Makarantun Ingila da Amurka kuwa, manya-manyansu kan nemi jarrabawar GMAT ko makamanciyarta, da shekarun aiki, kuma da fam da dala ake biya. Wanda bai sami tallafi ba, kada ya sa tsohonsa ya sayar da garke don wannan.

Kafin a zaɓa, muna ba da shawara a bincika abu huɗu. Na farko, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin? Takardar da ba ta da wannan izini ba ta da amfani a wurin aiki, komai kyan zanenta. Na biyu, su wane ne malaman, kuma da misalan wace kasuwa suke koyarwa? Jami'ar Harvard, wadda ta fara irin wannan digiri a 1908, ta yi suna ne wajen sa ɗalibai su zauna su warware matsalar wani kamfani na gaske. In duk misalan ajinku na kamfanonin Amurka ne, babu na mai sito ko mai motar shanu, to, da sauran aiki. Na uku, su wa za ka zauna da su a aji? Rabin amfanin wannan karatu a wurin abokan zama yake, ma'aikacin banki, na kwastan, mai masana'anta, waɗanda gobe za su ɗauki wayarka. Na huɗu, ina waɗanda suka gama bara da bara waccan suke? A neme su a ji daga bakinsu, kada a dogara da takardar talla.

Akwai kuma kuskuren da ke ci wa mutane shekaru. MBA digiri ne na sana'a, an yi shi don mai gudanar da aiki. Wanda burinsa koyarwa a jami'a da digirin dakta, M.Sc. ce hanyarsa, domin jami'o'inmu da yawa ba sa ɗaukar mai MBA kai tsaye zuwa digiri na uku. Haka nan mai babbar difloma, ko wanda digirinsa ya yi rauni, yawanci sai ya fara yin diflomar bayan digiri. A tantance wannan tun ba a biya ko kwabo ba.

Game da neman shiga, shiri tun da wuri shi ne magani, don da sanyin safiya ake kama fara. A tanadi kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da Lissafi, da takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa. A nemi takardar cikakken sakamako daga tsohuwar makaranta watanni kafin a rufe fom, domin ita ce ta fi kowace jinkiri. Masu ba da shaida su zama malami ko shugaban da ya san aikinka da gaske. Sunan babban mutum wanda bai taɓa ganin rubutunka ba, ba ya ƙara komai. In an ce ka rubuta dalilinka na neman shiga, faɗi matsalar da ka gani da idonka da abin da kake son koya don magance ta. Mai duba takardu ya gaji da kalmomin aro. Ma'aikaci ya karɓi izinin ƙaro ilmi a rubuce kafin ya fara, in ba haka ba sai ya gama a ce ba a san da zamansa ba. Kuɗi kuwa ta hanyar da jami'a ta bayyana kaɗai za a biya. Duk wanda ya ce kawo in shigar da kai, ɓarawo ne.

Ga 'yan'uwanmu da ba su taɓa aiki ba, shawararmu ita ce su dakata. A yi shekara biyu ko uku ana riƙe da littafin wani sito, ko ana bin wani ɗan kasuwa, kana a nemi MBA. Wanda bai taɓa bin bashi ya rasa ba, darasin bashi labari ne kawai a kunnensa. Kuma kada digiri ya sa a raina na gaba. Alhassan Ɗantata, da ya rasu a 1955, bai shiga makarantar kasuwanci ba, amma kamfanonin Turawa da shi suka dogara wajen sayen gyaɗa. Fatoman Maigatari ya san abin da babu shi a littafi. Ɗan boko zai zo ne ya ƙara masa da abin da ya rasa, cikin ladabi.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Jigawa, da ƙananan hukumomin nan huɗu, da masu hali na masarautar Gumel, su ɗauki nauyin matasa a wannan fanni, da sharaɗin kowa ya yi bincikensa na ƙarshe a kan kasuwancin yankin, ya kuma dawo ya yi aiki da shi. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su ma su riƙa kai ɗalibansu wannan kasuwa, tun da ga ta a ƙofar gida. Mu kuma ɗalibai, kowa ya tambayi kansa tsakani da Allah: takarda nake nema ko iyawa? In takarda ce, shekara biyu da kuɗin nan sun yi tsada. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu ilmi mai amfani.