Kai Ƙara Ba Tsoro Ba Ne

Idan wani babban yaro ya ƙwace maka fensir, ko ya mare ka a bayan aji, hanya uku ce a gabanka. Ko ka rama, ko ka yi shiru, ko kuwa ka tafi wurin malami ka faɗa masa. Yara da yawa sun raina hanya ta uku. Sai ka ji suna cewa, "Wane matsoraci ne, bai iya komai ba sai kai ƙara." Ni kuwa a ganina wannan ita ce hanyar masu hankali, kuma ita ta fi wuya.

Mu fara duba ramuwa. Ka mari wanda ya mare ka, shi ya kira wansa, kai ma ka kira naka. Kafin a tashi daga makaranta faɗan fensir ya zama na unguwa biyu, iyaye mata suna cacar baki ta kan katanga. Fensirin kuwa ya karye tun da hantsi, ba wanda ya ƙara tunawa da shi.

To, shiru fa? An ce haƙuri maganin zaman duniya, gaskiya ne kuwa. Amma haƙuri daban, ɓoye zalunci daban. Yaron da a ke duka kullum, ya rasa wanda zai gaya wa, fushi ne ke taruwa a cikinsa. Ran da ya yi ƙarfi sai ya sauke shi a kan wanda bai kai shi ba. Haka a ke yi a waɗansu gidaje. Maigida ya komo daga kasuwa ransa a ɓace, ya daka wa uwargida tsawa. Ita ta finciki yaro, yaro ya ranƙwashi ƙanensa, ƙanen ya fita ya jefi akuya. Me akuya ta yi?

Kada ku ce wannan maganar yara ce kaɗai. Ku dubi bakin Tafkin Kainji. A shekarar 1968 aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara. Ruwa ya taru ya cinye tsibirai da gonaki, aka ta da mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yauri, waɗanda suka shahara da noman albasa. Yau idan ruwa ya ja baya, manomi yana son danshin bakin tafki, makiyayi yana son hanyar da shanunsa za su bi su sha ruwa, masunci kuma yana son wurin da zai shanya tarunsa. Dukansu uku abinci su ke nema, kowa da gaskiyarsa.

Saboda haka dole wata rana saniya ta shiga albasa, ko a Ngaski, ko a Shanga, ko a kusa da Yelwa. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne inda mai gona zai nufa. In ya nufi gidan dagaci, sai a kira Arɗo, a tafi a ga ɓarna da ido, a kimanta, a biya. In rigimar ta masunta ce, akwai Sarkin Ruwa. In ta fi ƙarfinsu, ga hakimi, ga alƙali. Mutumin da aka biya shi ɓarnarsa ba ya kwana yana wasa adda.

Inda hanyar nan ta toshe, mun ga abin da ya faru. A Zamfara, maƙwabciyar Jihar Kebbi, fitinar 'yan bindiga ta soma ne da satar shanu da rikicin gona da burtali. Mutane suka ga sun kai kuka ba a share musu hawaye ba, sai kowane ɓangare ya ɗauki makami don ya rama da kansa. Wutar ta yi ta ci har ta iso ƙasar Yauri. Ran 17 ga watan Yuni, 2021, 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. Suka kashe ɗan sanda, suka kora ɗalibai masu yawa da waɗansu malamai cikin daji. Waɗansu sun kuɓuta, waɗansu an sako su kashi kashi, 'yan matan ƙarshe kuwa sai cikin 2023 suka ga gida. Masu wannan aiki ba su da wani uzuri, mugunta ce tsantsa. Yaran nan ba su ci gonar kowa ba, ba su saci saniyar kowa ba.

Amma fa akwai nauyi a kan manya. Ƙara ba ta da amfani sai da mai saurare. Malamin da aka kawo wa ƙara ya ce, "Ku ba ni wuri," ko ya ɗauki bulala ya zane su duka biyu bai tambayi dalili ba, ya koya musu cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Wannan darasi kuwa ya fi lissafi zama a kai. Tun 2003 Nijeriya ta kafa dokar kare haƙƙin yara, wadda ta hana a azabtar da yaro ko a wulaƙanta shi.

Kai kuma, sa'ad da za ka kai ƙara, ka faɗi abin da ya faru daidai, kada ka ƙara gishiri. Ka ambaci wanda ya gani. In malamin ajinku bai kula ba, ka tafi wurin hedimasta. In a gida ne, ka gaya wa kakarka, ko kawunka, ko wani babba da ka amince da shi. In ka ga ana cin zalin ƙarami, ko da ba ɗan'uwanka ba ne, ka faɗa. In kuwa kai ne aka kai ƙararka, kada ka tare yaron a hanyar gida. Ka tsaya gaban malami, ka bar shi ya gama magana, sa'an nan ka faɗi taka.