«Tsufa ne» ba sunan cuta ba ne

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata magana mai kalmomi biyu da nake so mu kora daga gidajenmu: «tsufa ne». Kaka ta fara laluben bango, ko tsoho ya daina gane mutane sai da murya, sai a ce tsufa ne, a sayo sanda, a rufe zance. Ni da nake karatun kimiyyar harshe, na san kalma ba faɗin abu kaɗai take yi ba, hukunci take yankewa. Wanda ya ce «tsufa ne» ya riga ya ce babu magani, don ba a kai tsufa likita.

To amma mi ke cin idanun tsofaffinmu? Na farko, yanar ido. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa ta a sahun gaba cikin abubuwan da ke makantar da mutane. Ƙwayar da haske ke ratsawa cikin ido ce ke yin hazo. Aikinta bai kai awa guda ba, galibi ba a ma sa mutum barci: a kashe zafin wurin, a fidda ƙwayar, a sa ta roba, washegari a kwance ido. Wannan shi muke kira tsufa?

Na biyu, abin da ake fassarawa «hawan jinin ido». Sunan ma yaudara ne. Tsohuwa ta auna tansiyo an ce lafiya lau, sai ta ɗauka ta tsira. Alhali ba jini ba ne, ruwan cikin ido ne ke rasa hanyar fita, ya danne jijiyar gani. Yawanci ba ya ciwo, daga gefe yake fara ci, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Sai an gano shi da wuri ake tsai da shi, shi ya sa duk wanda ya haura shekara 40 ya kamata a auna mashi ido.

Na uku, amosanin ido, wanda yankunan Maradi da Damagaram suka daɗe suna fama da shi. Gashin ido ya juya ciki yana kartar ido, tsohuwa na tsige shi da matsefata, alhali ɗan aiki ne ake yi wa fatar idon.

Cuta uku, hanya uku, mu kuwa mun dunƙule su cikin kalma guda. Ta wannan giɓin ne masu yawo ƙauye-ƙauye ke shiga, su soka tsinke su tura yanar can ƙasan ido. Yau mutum ya ga haske, gobe ido ya rure ya mutu.

Za ku ce talauci ne, likita na da nisa, mota da magani sai kuɗi. Gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu tambayi hukuma dalilin da ya sa masu aikin ido suka taru a manyan birane. Amma zama ma ba kyauta ba ne. Kowane makaho na buƙatar ɗan jagora, kuma mun san wa ake fiddawa daga lakwal don ya riƙe sanda. A 2025 OMS ta tabbatar Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da baƙin ƙuda na bakin kogi ke kawowa. Da an zauna ana cewa «haka ruwan yake», da har yau ana nan.

Don haka in kun je hutu, ku rage awa guda daga shan shayi a fada. Ku sa tsohon gidanku ya rufe ido guda, ku ja baya ku ɗaga yatsu ya ƙirga, sannan ɗayan. In ya kasa, ku raka shi likita. In lokotoro ya yi bayani da Faransanci, ku maida mashi da Hausar da zai gane, ku faɗa mashi sunan cutarsa, da ko tana warkewa. In karatunmu bai iya wannan ba, mi muke karantawa?